Rumfar Labbo a Kan Lambatu

Labbo magini ne, ɗan wani ƙauye a ƙasar Tsafe. Rumbuna da ɗakunan laka yake ginawa, da su ya riƙe gidansa har gemunsa ya fara furfura. Shekarar da noma da kwana suka gagara a ƙauyen saboda 'yan bindiga, ya ɗauko matarsa Suwaiba suka taho Gusau, suka kama ɗaki guda a can bayan Tudun Wada. Ba su da yara a gabansu, 'yarsu ɗaya tana aure a Rawayya.

A Gusau ba mai neman ginin laka, sai ya shiga leburanci wurin masu ginin bulo. Suna aikin wani bene ne katakon da ya taka ya karye, ya faɗo ta baya a kan tarin bulo. An kai shi asibiti, an kai shi wurin mai ɗori, an sha rubutu an yi shafe-shafe. Hannuwansa suka dawo, bakinsa garau, amma daga ƙugu zuwa ƙasa sai dai a ɗaga a ajiye.

Suwaiba ba ta taɓa zama bakin titi ba. A ƙauye har gida ake biyo awararta. Yanzu dole ta ɗauki kasko da murhu ta shiga neman wuri, ta sha kora a wurare da dama kafin ta samu wani ɗan fili a Sabon Gari, wanda bai wuce a shimfiɗa tabarma ba. Gabanta titi ne mai cike da babura da amalanke, bayanta lambatu mai faɗi da ke kwashe ruwan unguwar, bayan lambatun kuma katangun gidajen mutane. A damanta akwai Lawali mai faci, mutumin Bungudu, mai yawan magana da saurin taimako. Shi ya janye tayoyinsa ya matsa mata, ya kuma ara mata tsohuwar lema.

Da hantsi take fita, sai bayan la'asar take komawa. Kafin ta fita takan gyara Labbo, ta ajiye masa ruwa da abinci da rediyo kusa da hannunsa. Da farko in ta dawo yakan tambaye ta kasuwa. Daga baya ya daina. Sai ta riƙa tarar da abincin yadda ta bar shi, rediyon a kashe, shi kuma ya juya fuska ga bango.

Wata rana a tsakiyar bazara ta dawo ta same shi kwance a ƙasa kusa da ƙofa. Kofin ruwan ne ya kife tun da safe, ya jawo jiki zai kai ga randa, ƙarfinsa ya ƙare a hanya. Matan gidan duk sun tafi suna, ba wanda ya ji shi. Leɓɓansa sun bushe sun tsage. Ta ba shi ruwa, ta goge masa jiki, ta mayar da shi kan katifa, ta zauna kusa da shi har numfashinsa ya daidaita.

"Malam, ba ni ƙara barin ka nan kai ɗaya," ta ce. "Wuri zan yi maka bayan kaskona."

"Ki ɗauke ni ki aje bakin hanya, kina tuya ina kallo? Mutanen garinmu na bin hanyar nan kullum. Mi za su ce?"

"Su ce abin da sunka ga dama. Yau wa ya zo cikinsu ya ba ka ruwa?"

Ya juya fuska ga bango. Ita kuwa ba ta sake tayar da zancen ba, sai ta shiga tara kaya. Ta roƙi wani mai shagon tayil katakan da ake ɗoro kaya a kansu. Ta samo tsofaffin kwanuka wurin 'yan gwangwan, duk hujin ƙusa. Ta tsinto allon tallar wata makaranta da ta tashi, da ƙaton tamfol mai hoton wani ɗan takara da aka yar bayan zaɓe. Ita da Lawali suka kakkafa sanduna suka ɗora kwanukan, suka danne da tayoyi. Lawali ya ja baya ya duba ya ce ko a Bungudu ba a fi haka ba.

Hadarin farko na shekarar ya taso da iska, ya kwashe rumfar gaba ɗaya ya watsa a titi. Kwano ɗaya ya kusa yanke wani ɗan acaɓa. Suwaiba ta koma gida jiƙe, da yanka a tafin hannu, ta zauna tana ɗaurewa da tsumma tana ba da labari, ba don tana tsammanin amsa ba.

Labbo ya juyo. "Dirkokin, har ina kinka binne su?"

"Ban binne ba. Da duwatsu na tokare."

"Kwanon fa, ina ya fuskanta?"

"Gabas, don in samu inuwa da marece."

Ya dube ta ya daɗe, sannan ya yi wata gajeriyar dariya wadda rabonta da jin irinta tun kafin ya faɗo. "Kin buɗe ma iska baki kin ce ta shigo. Duk hadarin garin nan daga gabas yake tahowa, Suwaiba."

"To haka zan sake yi gobe, tunda haka na iya."

Washegari aka ɗauko shi a Keke Napep, Lawali ya goyo shi ya zaunar a kan taya. Ya rufe ƙafafunsa da mayafi, ya ƙi kallon masu wucewa. Ya sa aka auna masa filin da igiya, ya ga murhu da benci kaɗai sun cinye shi, babu inda mutum zai miƙe. Wuri ɗaya ya rage, shi ne saman lambatu.

"Hanyar ruwa ce wagga," ya ce. "Ba a son gini bisa hanyar ruwa." Ya sake duban ramin. "In dole ne, sai dai mu haye ta sama mu bar mata cikinta."

Lawali na da wasu dogayen ƙarafa na tsohuwar mota da ya daɗe yana cewa zai sayar. Su aka gindaya daga wannan gaɓa zuwa waccan, aka ɗaga su a kan bulo har tsayin gwiwa, aka jera katako a kai. Labbo bai yarda a kafa ko sanda ɗaya cikin lambatun ba. Suwaiba ce mai guduma. Ta lanƙwasa ƙusoshi da yawa, shi kuma yana karɓa yana miƙar da su a kan dutse yana mayar mata, yana faɗa.

"Riƙe ta can ƙasa, ba ga wuya ba. Ki bar nauyinta ya yi aikin."

"Ka yi mani a hankali, ni ba lebura ba ce."

Suka toshe hujin kwanuka da narkakkiyar roba. Allon makaranta ya zama bangon gabas, marfin wani mataccen firiji ya zama taga, tamfol kuma aka shimfiɗa shi bisa kwano saboda zafi, fuskar ɗan takarar na kallon sama. Da aka gama, ɗan ɗaki ne mai tsawon mutum, rufinsa ya gangaro ya rufe har kan murhu. Iska ta sake zuwa a makon, ba abin da ya motsa.

Daga nan kullum tare suke fitowa. Labbo na jingine a kan katifarsa, turmin yaji tsakanin ƙafafunsa, yana daka yana ƙulla wa masu saye. Yana tsaron kayan Lawali in ya tafi masallaci. Abin da ya ji tsoro ma ya faru: wani mutumin ƙauyensu ya tsaya sayen awara ya hango shi. Mutumin ya cire takalmi ya hau katakon ya zauna, suka yi ta lissafa waɗanda suka koma Funtuwa da waɗanda suka rasu, har aka kira azahar. Shi ma itace yake turawa a baro. Bayan kwana biyu ya dawo da wasu 'yan ƙauyen.

Ba a jima ba maƙwabta suka fara leƙowa suna duba yadda aka yi ɗakin. Khalid mai shayi ne ya fara, yana son inda zai ajiye buredi da kwanon ƙwai. Sai mai kayan miya, sai mai cajin waya, sai mai gyaran takalmi da ba shi da wurin kwana. Kowa ya zo Labbo zai karɓi tsinke ya zana masa a ƙasa, ya gaya masa inda zai sa tokara da yadda zai karkata rufi. Kuma kowa sai ya ja masa kunne a kan ya ɗaga sama, kada ya kafa komai cikin ruwa. Khalid ya bi maganar. Sauran ba su da ƙarfe mai tsawon da zai haye, sai suka kakkafa sanduna a tsakiyar lambatun don su tallafe katako. Labbo ya yi magana ya gaji. Su ma ba su da wata dabara, kuma kowa na nuna nasa ɗakin yana cewa ai Baba Labbo ne ya fara.

Kafin damina ta yi nisa, lambatun ya ɓace daga wannan kwana zuwa waccan. Wanda ya zo baƙo ba zai san akwai rami a wurin ba, sai dai wari in rana ta take. Leda da robobi da ɓawon rake suka riƙa maƙalewa a jikin sandunan, ba mai gani balle ya kwashe.

A watan Agusta, wata Talata bayan azahar, aka yi ruwan da ya fi na kullum. Labbo na jin ruwan na gudu a ƙarƙashinsa kamar yadda ya saba, sai ya ji ƙarar ta canja, gudun ya tsaya, ruwan ya fara tasowa. Ya ce wa Suwaiba ta kashe wuta ta ɗauke mai. Kafin ta gama, baƙin ruwa ya ɓullo ta tsakanin katakai ya jiƙa katifa. Lawali ya shigo cikin ruwan har cinya ya saɓo shi a kafaɗa, ya kai shi barandar wani kanti a tsallaken titi. Daga can suka ga ruwan ya rasa hanya ya juya ya nufi gidajen baya. Can sai suka ji wani abu ya rufta, mata suka fara salati.

Katangar Hajiya Asiya ce ta faɗi da ɗakinta guda. Tsohuwa ce da mijinta ya rasu, ma'aikacin gwamnati ne a da, ita da jikokinta mata ke zaune a gidan. An fito da ita da rai, amma awakinta sun mutu, kayan ɗakin kuma suna ƙarƙashin laka.

Kwana biyu bayan haka ma'aikatan gwamnati suka zo da jan fenti suka shafa wa duk abin da ke kan lambatu, suka ce a kwashe kafin ƙarshen mako, in ba haka ba mota za ta zo ta ture. Ba su yi wa kowa tsawa ba. Babbansu ma ya tsaya ya duba ƙarafan Labbo ya ce an yi dabara, sannan ya shafa musu fentin su ma.

Masu rumfuna suka taru a gaban teburin Khalid. Lawali ne ya kawo shawara.

"Ran da motar za ta zo, mu fiddo Baba Labbo mu kwantar gaban rumfuna. A kira masu ɗaukar hoto da waya. Wa zai ture gurgu duniya na kallo? In sunka bar rumfar Baba, dole su bar tamu."

Wasu suka ce haka ne. Suwaiba ta ajiye matsamin da ke hannunta.

"Lawali, ka yi muna alherin da ba ni mantawa. Amma mijina ba tuta ba ne da za ku ɗaga. Ban fiddo shi daga ɗaki don a yi bara da shi ba."

"Inna, ba wulaƙanci nake nufi ba. In anka ture, ina za ki kai shi? Ɗakin nan da kinka same shi ƙasa?"

Wannan maganar ta daki Suwaiba, don abin da ke hana ta barci ke nan. Ta juya ga Labbo. Shi kuwa bai ce a yi ba, bai ce a bari ba. Cewa ya yi a kai shi ya yi wa Hajiya Asiya jaje tukuna.

Lawali ya tura shi a baro suka zagaya ta lungu. Suka same ta a zauren maƙwabta, an shanya abin da aka tono na tufafinta a kan igiya. Labbo ya gaishe ta ya yi mata jaje. Ta amsa a taƙaice, tana duban ƙafafunsa.

"Kai ne mai rumfar farko?"

"Ni ne, Hajiya."

"An ce kai magini ne. To ka san abin da ruwa ke yi wa laka." Ta gyara lulluɓinta. "Ni ban kai ƙarar kowa ba. Na san yunwa ta kawo ku. Amma shekara da shekaru ina gidan nan ruwa bai taɓa shigo mani ba. Ɗakin da ya rage rufinsa ya yaye, yaran nan a gidan mutane suke kwana."

Daga bakin zauren Labbo na hango inda katangar ta kwanta. Tubali ne na da, mai kyau, wanda aka cuɗa da ciyawa yadda ya kamata. Ta gindi ruwa ya ci shi. Ya daɗe yana kallo kafin ya ce wa Lawali su koma.

Da suka iso ya ce a kira kowa.

"Ba mai kwantar da ni gaban mota," ya ce. "Ko sun bar mu, wani ruwan na tahe kafin kaka. Mu kwance rumfunan da hannunmu. In mota ta ture, ko ƙusa ba ku tsira da ita. In mu munka kwance, kowa ya tashi da katakonshi da kwanonshi."

Mai gyaran takalmi ya ce shi ba inda za shi, ya zagi gwamnati ya zagi ruwa, ya tafi. Mai kayan miya ta yi kuka. Amma da gari ya waye Khalid ya zo da guduma, sauran suka biyo baya ɗaya-ɗaya. Labbo na zaune kan taya yana faɗa musu abin da za a fara cirewa don kada rufi ya faɗo wa mutum. Da aka ɗage katakan, abin da ke cikin lambatun ya sa kowa ya toshe hanci. Suka shiga da shebur suka yashe, matasan gidajen baya suka fito suka kama musu, ba tare da an yi wata doguwar magana ba.

Tasu aka kwance daga ƙarshe. Da kwanukan suka sauka, Labbo ya ce a kai wa Hajiya Asiya ta rufe ɗakinta.

"A'a," in ji Suwaiba. "Ni na bi 'yan gwangwan na samo kwanukan nan. Da kaina na ɗauko su. Namu ɗakin bai tare ruwan kowa ba, kai ma ka sani."

"Na sani."

"To don mi?"

"Ba ni da amsar da za ta gamsar da ke. Ni dai ba ni iya ganinsu jingine a gida."

Ta yi ta jera katako ba ta kula shi ba har rana ta karkata. Daga baya ta ware masu kyau cikin kwanukan ta ɗora wa Lawali a baro, ta riƙe biyu da tamfol don inuwar murhu. Ba ta bi su gidan ba, kuma ta kwana biyu ba ta sakar wa Labbo fuska ba.

Ranar da motar ta zo, rumfar mai gyaran takalmi kaɗai ta samu.

Suwaiba ta ci gaba da tuya a ɗan filinta na gaba. Labbo ya koma ɗaki. Ta roƙi wata matar gidan ta riƙa leƙa shi, ita kuma ta rage lokacin kasuwa, tana dawowa da wuri. Yana cin abinci, yana jin rediyo, amma maganarsa ta fara raguwa.

Ana haka wata safiya Keke Napep ya tsaya a ƙofar gidan. Khalid ne. Ya samu wuri a bakin babbar hanya a Bungudu, kusa da inda motoci ke tsayawa, ya kwashe katakansa ya kai, amma ya rasa ta inda zai fara.

"Baba, ƙasar wurin gangare ce. Na kafa sau biyu tana karkacewa. Ka zo ka duba mani, in maido ka kafin la'asar."

Labbo ya ce a miƙo masa hularsa.

Bayan na Khalid sai wani mai nama a can Bungudun ya ce shi ma a duba masa. Sai wata mai abinci a tashar Magami, sai masu kayan gwari da aka tasa daga wani wuri suna neman yadda za su yi teburin da ake naɗewa a gudu da shi. Wani ya ba shi abin da ya samu, wani ya sallame shi da godiya da ledar tumatir. Wani mai walda da ya yi wa aiki ya haɗa masa keken da ake tuƙawa da hannu daga ragowar babura, mai nauyi da ƙara, amma yana kai shi ko'ina cikin gari. Kafaɗunsa suka cika, fatarsa ta yi baƙi da rana. Duk inda aka kira shi, abin da yake fara tambaya shi ne ta ina ruwa ke bi, kuma ya sha juyowa ya bar aiki in bai gamsu ba.

Yanzu sai ya wuni bai biyo ta Sabon Gari ba. In ya biyo, yakan tsaya a gefen titi don babu inda keken zai shiga, ta miƙa masa awara a takarda ya ci a kan keken, yana ba Lawali labarin wuraren da ya je. Suwaiba ke daka yajinta da kanta kafin ta fito. Ta fi son lokacin da yake bayanta tana jin tarinsa da faɗansa, amma ba ta taɓa gaya masa ba. Lawali ne kawai ya lura, ranar da ya ga ta juya za ta yi magana ta tarar ba kowa.

"Inna, in kira maki shi a waya?"

"Bar shi," ta ce, tana juya awara. "Yana wurin aiki."